'Yan ƙasarku ko abokan aiki: da wa za ka yi Sallah da ranar haihuwa a ƙasar waje?

Ɗan'uwa, ka ce wata bakwai ke nan da ka kama aiki a ƙasar waje, ranar haihuwarka ta kusa, Sallah kuma na biye da ita da 'yan makonni, ka rasa wa za ka nema: 'yan ƙasarku da ke taruwa can wani gefen gari, ko abokan aikin da kuke wuni tare. Abu ɗaya ba ka faɗa ba, wato ƙasar da kake, alhali rabin amsar a nan ta rataya.

Kafin a kai ga wa za a gayyata, sai an san wa ke da hutu ranar. In a Saudiyya kake, dokar ƙwadago ta ba ma'aikacin kamfani kwana 4 a ƙaramar Sallah, 4 a babba. A Qatar 3 ne da 3. A irin waɗannan ƙasashe abokin aikinka ɗan Indiya ko ɗan Filifin, ko ba Musulmi ba ne, shi ma yana gida, sai ka zaɓi wanda ranka ya so. Ingila ba haka take ba. Ranakun hutun ƙasa 8 ne a shekara, babu Sallah a ciki, sai dai ka ciro daga kwana 28 da doka ta ba mai aikin kwana 5 a mako, kuma kamfani na da ikon lissafa waɗancan 8 ɗin a cikin 28. A Jamus mafi ƙarancin hutun shekara kwana 20 ne. Amurka ta fi tsauri, domin dokar tarayya ba ta wajabta wa kamfani biyan hutu ko na kwana ɗaya ba. Kirista ma bai tsira ba: 25 ga Disamba ranar aiki ce a Saudiyya, haka take a Japan.

Ga kuma matsalar wata. Oganka na son ka faɗa masa ranar tun da wuri, kai kuwa ba ka da tabbas sai an ga jinjiri. Shekarar wata kwana 354 ce, shi ya sa Sallah ke ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ba za ka ce masa "kamar bara" ba. Nemi kwana biyu a jere, wanda bai dace ba ka mayar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, 'yan ƙasarku. Abin da suka fi kowa da shi shi ne ba sai ka yi musu bayanin komai ba. Sun san nauyin ranar, sun san abin da ya sa ka yi shiru bayan ka kashe kiran bidiyo da mahaifiyarka. Za ka yi dariya da harshenka ba tare da ka tsaya kana laluben kalma ba, kowane tsuntsu ai kukan gidansu yake yi. Kuma a cikinsu ba a rasa dattijon da ya shekara ashirin a garin, wanda ya san masallacin da ke jam'i biyu ko uku saboda masu aikin safe, ya san mahaucin da ake ba wa kuɗin layya. Wannan ba ƙaramin sani ba ne. A Faransa yanka rago a bayan gida laifi ne, dole sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, kuma sabon zuwa ba ya sanin haka sai an faɗa masa.

Amma zan gaya maka gaskiya, taron gida na da nasa kuɗin shiga, ba kuma karo-karon nake nufi ba. Za a tambaye ka albashinka, da takardunka, da dalilin da ya sa har yanzu ba ka yi aure ba. Abin da ka faɗa da azahar, kafin isha ya riga ka isa gida. Hira takan fara da gaisuwa ta ƙare a siyasa da canjin kuɗi, wani lokaci ka fito kewar ta fi yadda ka shiga da ita. Sannan yawancinsu masu duti ne kamarka, sai a ɗage cin abincin zuwa Asabar. A Ingila har masallatai kan saɓa da kwana ɗaya, wasu su bi sanarwar Saudiyya, wasu su bi ta Maroko, ka ga taro ɗaya ya rabu biyu. Duk da haka, in Sallah ce, su zan zaɓa ba tare da na yi dogon tunani ba.

Dalili kuwa, a wurin abokin aikinka Bature, Sallah Talata ce kamar kowace Talata. Zai zo don kara, ya zauna da ladabi, kai kuma ka wuni kana fassara, ka koma malamin aji a ranar da kake son zama ɗan gida. Ga batun giya, wanda in ba ka faɗa tun a wurin gayyata ba, wani zai shigo da kwalba a hannu da kyakkyawar niyya.

A ranar haihuwa ne lissafin ke juyewa. Tsakanin 'yan ƙasarku wani zai yi murna, wani ya ce bidi'a ce, a ɓata yammacin da muhawara. Ni ba fatawa na zo bayarwa ba, tunda ka tambaya na ɗauka kana yi. A wurin aiki kuwa abu ne da kowa ya saba, sai dai kowace ƙasa da rawarta. A Jamus da Holan mai ranar ne ke kawo kek ofis, ba shi ake kawo wa ba, in ka zauna jira sai a tashi aiki ba ka ga komai ba. Bajamushe kuma ba ya taya ka murna kafin ranar ta zo, yana ganin hakan na jawo rashin sa'a, kada ka ɗauka share ka ya yi, kai ma kada ka taya shi murna kafin tasa ranar. In ka ce masa "na gayyace ka" gidan abinci, ya fahimci kai za ka biya. A Amurka sau da yawa abokai ne ke raba kuɗin su ɗauke wa mai ranar. A ofisoshin Ingila kati ake zagayawa da shi a ɓoye kowa ya sa hannu. Tambayi wanda ka fi sakewa da shi yadda ake yi, ba abin kunya ba ne.

Kuma ka yi sa'a da taka ranar ta riga Sallah. Kek ɗaya a lokacin shan shayi, minti goma sha biyar a tsaye, ya isa mutanen da suka san ka da aiki kawai su fara saninka da suna. A nan za ka ambaci cewa babbar ranarku na tafe. Ranar da za ka nemi wanda zai karɓar maka duti, ba baƙo ne ke roƙo ba.

Haɗa ɓangarorin biyu a ɗaki ɗaya fa? Na taɓa gwadawa a wani ɗan gidan haya a Jamus. Na ce ƙarfe shida. Abokan aiki suka iso shida daidai, namu suka fara shigowa wajen takwas da rabi, lokacin waɗancan na neman rigunan sanyinsu. Da hira ta yi daɗi, ƙarfe goma ta wuce, maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa, domin daga 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne a can, kuma shi ke da gaskiya. In dole sai ka haɗa, yi da rana a lambun shaƙatawa, inda mai latti ba ya tsare kowa. A Landan ofishin magajin gari kan shirya taron Idi a dandalin Trafalgar bayan Sallah da 'yan kwanaki, irin wurin da za ka ja abokin aiki ya gani da idonsa ke nan, kai ka huta da bayani.

Nasu bukukuwan ma kada ka raina. In Ba'amurke ya kira ka cin abincin ranar godiya, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, cikin iyalinsa ya saka ka, ka je. Kirsimeti kuwa a Turai ta 'yan gida ce, gari kan yi tsit. A Landan ranar 25 ga Disamba babu bas, babu jirgin ƙarƙashin ƙasa. In aikinka irin wanda ba a rufewa ne, asibiti ko otal ko gadi, wannan ce ranar da kowa ke gudu a jadawali. Ka ce kai za ka yi ta, a ba ka Sallah a madadinta, kuma ka tabbata oga ya rubuta musayar, domin kafin Sallar ta zagayo mai yiwuwa an canja ogan.