Roland TR-8S a hannun mai kiɗan biki a Jidda, ga yadda na ganshi

Masu tambayata ko injin ganga ɗinnan ya cancanci kuɗinshi, amsata itace ya danganta da inda kake kiɗa. In aikinka a ɗaki ne gaban kwamfuta, manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ta isheka, ajiye riyalolinka. Amma in kana fita istiraha, wato gidan da ake haya don taro, wajen biki ko kana haɗa kiɗa kai tsaye a gaban mutane, toh nan ne TR-8S yake nuna kanshi.

Roland sun fito dashi a 2018, kuma cikinshi akwai sautukan tsofaffin injinansu, TR-808 na 1980 da TR-909 na 1983, harda 707 da 727 da 606. Wannan dukan mai zurfi da kakeji yana girgiza gilashin mota a kan titin Tahliya da daddare, asalinshi 808 ne. Ganga 11 yake ɗauka, kowacce da abin janta sama da ƙasa kamar na miksa, ga maɓallan juyawa na TUNE mai ɗaga ko sauke muryar ganga da DECAY mai tsawaita ƙararta a samanta, sai maɓallai 16 a jere a ƙasa inda kake dasa duka. Abinda yasa nake sonshi kenan wallahi, komai a ƙarƙashin yatsa yake, amarya ta shigo ka zare babbar ganga ka bar tafi kawai, mata suna fara guɗa ka maidota, ba sai ka tsaya neman linzamin kwamfuta a cikin duhu ba.

Toh amma kar wani ya ɗauka yana kunnawa zaiji kiɗan gida. Yadda yazo daga kwali bugun huɗu-huɗu yakeyi, irin na kiɗan house da techno da ake sakawa a manyan bukukuwan kiɗa kamar Balad Beast na Jidda ko Soundstorm na Riyad, kiɗanmu kuwa yawancinshi tafiyar uku-uku gareshi. Sai ka shiga saitin zubi, wato jerin dukan da injin yake maimaitawa, ka maida ma'aunin zuwa na uku-uku, ka danna LAST ka tsaida zubin a mataki na 12 maimakon 16, nan take zakaji ƙugu ya fara motsi. Kuma kowace ganga zaka iya bata nata tsawon daban, wata 12 wata 8, suna sassaɓawa suna haɗuwa, kusan yadda makaɗa biyu sukeyi in sun saba da juna.

Kalangu ne ya ɗan bani aiki. Injin yana karɓar sautinka ta katin SD, fayil ɗin sauti irin WAV ko AIFF, don haka na samu wani dattijo makaɗi daga Makka muka ɗauki dukanshi ɗaya-ɗaya a sitidiyo. Matsalar itace kalangu ba duka kaɗai bane, matse tsarkiya a hammata shine maganar, shi yake sa sautin ya hau ya sauka. Dabarar da nakeyi, in kunna MOTION in riƙa murza TUNE kiɗan yana tafiya, injin ya haddace motsin hannuna ya dinga maimaitawa. Yana kamawa sosai, a cikin taro da sifika babu mai ganewa, amma Baba makaɗin da na kunna mishi dariya yayi yace ɗana wannan kalangun naka yana magana amma baya jin Hausa. Gaskiyarshi ne, kirari dai bazai yiwu da inji ba.

Wajen haɗashi da sauran kaya babu wahala. Kebul ɗin MIDI ɗaya, wanda yake haɗa injinan kiɗa da juna, daga shi zuwa fiyanon Yamaha sai su tafi a gudu ɗaya, ni nakan barshi shi ya zama jagora, sauran su bishi. In ka sa USB kuma kowace ganga tana shiga kwamfuta a layinta daban, kaga wajen gyaran sauti ka huta. Akwai ƙarin ramukan fitar da sauti 6 a bayanshi ga mai son ya kai babbar ganga miksa ita kaɗai. Zubi 128 yake ajiyewa, kowanne da sauyi 8 daga A zuwa H, nikam ko rabi ban cika ba.

Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka biya: allonshi ƙarami ne, duk saitin da ba'a fili yake ba sai ka bi ta cikin wannan ɗan allon kana murzawa, ranar farko zaka gaji. Baya aiki da batir, in fita sahara kukeyi da abokai sai da janareta ko ka nemi ƙaninshi TR-6S na 2020, ganga 6 ne amma batir AA 4 suna tadashi. Sannan ka samo mishi jaka ko mayafi, damshin Jidda da ƙura basa barin kayan wuta lafiya, musamman ramukan abin jan nan.

Wanda kuɗinshi bai kai ba yana iya duba Arturia DrumBrute Impact, yafi araha kuma dukanshi da ƙarfi, sai dai baya karɓar sautin waje, ma'ana babu kalangu babu kotso. Ni saboda wannan kaɗai na ƙara kuɗi na ɗauki Roland ɗin, kuma in zaka saya na hannu a Haraj, kasuwar kayan hannu, ka tabbata ka ja duk abin jan guda 11 a gaban mai shi kafin ka tura mishi ko riyal ɗaya.