Dambe da Kokawa: Wanne Ya Fi Cin Jiki?

Ɗan dambe yana shiga fili da hannu guda ɗaure da zare, ɗayan kuwa garkuwa ne. Turmi uku ne, kuma ana iya yin kisa, wato a kai abokin karawa ƙasa, tun a turmin farko, kowa ya watse. Wahalarsa a fuska take: kumburi, fashewar leɓe, wani lokaci har haƙori ya tafi.

Kokawa fa? Ba naushi, amma tun da aka sarƙe babu sararin numfashi. Ƙugu, cinya, wuya da yatsu duk suna aiki lokaci guda, ga yashi yana riƙe ƙafa. A gasar kokawa ta Nijar ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ɗan kokawa yakan yi kwanaki a jere yana karawa kafin ya ga wasan ƙarshe. Ni dai a ganina dambe ya fi ciwo, kokawa ta fi tatse ƙarfi.