Keken ɗinkin da na bari a kasuwar Barras saboda fam biyar

Jama'ar gida, ina gaisuwa. Wata guda ke nan wani abu yana cin raina a nan Glasgow, kuma ni na jawo wa kaina.

Akwai wata kasuwa a gabashin garin da ake kira Barras, tana ci Asabar da Lahadi. Kayan hannu ne da yawa a cikinta: tukwane, agogon bango, tsofaffin rediyo, rigunan sanyi. Na shiga neman rigar sanyi ne, sai idona ya faɗa kan wani baƙin keken ɗinki, Singer 201K, wanda ake juyawa da hannu, a gaban wata dattijuwa. Harafin K ɗin nan alama ce cewa a Kilbowie aka ƙera shi, wato masana'antar Singer ta Clydebank da ke nan gefenmu, wadda aka rufe a 1980. Har yau akwai tashar jirgin ƙasa a wurin mai suna Singer.

Nan take Yaya ta faɗo mini a rai. Da kekenta Butterfly take riƙe da marayu huɗu a Tudun Wadar Zariya, kuma duk Sallah sai ya ba ta kunya, ya riƙa tsallake ɗinki yana tsinka zare, a ɗauki kan a kai wa mai gyara a Sabon Gari ya kwana uku, masu kaya suna sintiri a ƙofar gida.

Dattijuwar ta ce na mahaifiyarta ne, tun shekarun 1950. Kafin in tambaya ta fara lissafa mini aibinsa: makullin murfin katakon ya ɓace, fenti ya goge a inda hannu ke yawan gogawa, kwarkwaro biyu kawai suka rage. Sannan ta ɗauko ƙyallen jins, ta ninka shi huɗu, ta ce in juya da kaina. Na juya. Wallahi ban ji ƙara ba sai ɗan ƙis-ƙis, allura tana ratsa ƙyallen kamar wuƙa a man shanu, ɗinki ya fito a miƙe sama da ƙasa. Ta ce fam 25.

A nan ne halinmu na gida ya taso mini. Zuciyata ta ce araha ba ta ado, wadda ta faɗi aibi uku da bakinta lalle akwai na huɗu da ta ɓoye. Na taya fam 12. Ta dube ni, ba fushi, ta ce za ta bar mini a 20, daga nan ba ragi. Na ce 15. Ta girgiza kai. Sai na yi abin da muka saba a kasuwar Sabon Gari, na juya na kama hanya a hankali, kunnena a baya, ina jiran a ce zo ka kawo. Ba wanda ya kira ni. Na zaga na sayi rigar sanyin, na dawo bayan kamar rabin awa da fam 20 a hannu, na tarar da wurin wayam. Ta ce wata yarinya ta ɗauka a 25, ko tayi ba ta yi ba.

Na daɗe tsaye. Fam biyar, kuɗin da bai kai na abincin rana a gari ba.

Da na nutsu sai na ga ba rowa ce ta hana ni ba, rashin yarda ne, kuma a gida na koyo shi. Wa cikinmu bai taɓa sayen janareta da aka fesa wa sabon fenti ba, ya yi kwana biyu ya mutu? Ko waya da aka rantse maka ba a taɓa buɗe ta ba? Ka koma a ce ai kaya in ya bar shago shi ke nan. Mutum ya fito daga sallar Azahar ya rantse da Allah a kan firjin da ya san ba ya sanyi. Mun san hukuncin ɓoye aibi a ciniki tun muna makarantar allo, a garin malamai muke, amma sai ga wata tsohuwa da ba ta san wannan karatun ba tana aiki da shi, ni kuma na kasa gaskata ta.

Shagunan agaji na nan, masu sayar da kayan da jama'a suka ba da kyauta, su ma haka suke. Kowane kaya da farashinsa a manne, na lantarki an gwada shi an liƙa masa takarda, a ba ka rasit. Abin da bai samu mai saye ba, da yawansa shi ne ake ɗaurewa dila-dila ya iso mana a matsayin gwanjo, wato mu ragowar muke rububi.

Ba komai nasu ne ke burge ni ba. Gyara a nan tsada ne ƙwarai. Zif ɗin wandona ya lalace, kuɗin da aka ce in biya ya fi na wandon, dole na ajiye shi. A Zariya da yaro zan aika wajen tela ya dawo da shi kafin La'asar. Su abu kaɗan ya samu matsala sai bola. Ranar na yi kewar cikin Birni a goman ƙarshe na azumi, kekuna suna ta kuka har Asuba, masu aikin wuyan babbar riga a zaure, ana shan shayi ana hira. Da keken nan ya isa can, a ɗora kan bisa teburin Yaya na ƙafa, na tabbata har jikokinta sai sun ci abinci da shi. Nauyi gare shi, ƙarfe ne zalla, amma da na sadaukar da jaka ɗaya mai kilo 23 na taho da shi.

Asabar huɗu ina komawa. Na ga wani keken a Facebook an sa fam 90, kuma a Edinburgh yake, sai na biya kuɗin jirgin ƙasa. Yaya, na san yara za su karanta miki wannan, ki yafe mini. Na turo kuɗin gyaran naki, a kai shi tun yanzu kafin aikin Sallah ya taso. Asabar mai zuwa in sha Allahu da an buɗe kasuwar ina bakin ƙofa.