Dutsen ofal da dattijuwar da ta hana ni sayen kayanta

Jama'ar Bauchi, ina gaishe ku daga Adelaide ta ƙasar Ostiraliya. Yayana ne ya aiko mini saƙo, ya ce tunda Allah ya kai ni ƙasar ofal in samo masa dutsen zobe, don aƙiƙ da fairuz ɗin da alhazai ke kawowa tsaraba kowa yana da su. Na shiga wani ƙaramin kanti a tsakiyar gari, idona ya faɗa kan wani baƙin dutse mai walƙiyar kore da shuɗi, in ka karkata shi kaɗan sai ja ya ɓullo ta gefe. Kuɗinsa bai fi ƙarfina ba. Na ce a naɗe mini.

Dattijuwar mai kantin ba ta naɗe ba. Ta tambaye ni wa zai sa, kuma yana yawan taɓa ruwa? Na ce mutum ne mai alwala sau biyar a rana. Sai ta girgiza kai, ta juya dutsen ta gefe, ta miƙo mini madubin ƙara girma. Nan na ga hawa uku: baƙin abu a ƙasa, ofal ɗin a tsakiya bai fi kaurin ɓawon albasa ba, sai murfi garai-garai a sama, duk an manne su da gam. Ta ce in ruwa ya yawaita shiga, gam zai saki, dutse ya yi hazo. Ta mayar da shi, ta ɗauko wani ƙarami fari, ofal zalla, ta rubuta mini a takarda inda aka haƙo shi, da nauyinsa, da cewa ba a rina shi ba. Har ta ƙara da cewa ofal ba shi da tauri sosai, yashi ma yana iya karce shi, don haka mai shi ya riƙa cirewa in zai yi aikin ƙarfi.

Wallahi na fito jikina a sanyaye. Mu ne fa aka karantar tun muna makarantar allo cewa bai halatta ka sayar da kaya ka ɓoye aibinsa ba. Amma sau nawa aka rantse maka da Allah a kan kwalba an ce dutse ne? Ka koma da shi a ce ai da idonka ka gani, kaya ya riga ya fita. Wannan mata kuɗina na hannu, ban san komai ba, babu mai kama ta, ta zaɓi ta faɗa mini gaskiya. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Shi ofal halittarsa abin a yi tasbihi ne. Ruwa ne ke narkar da sinadarin silika, irin na yashi, ya gangara da shi cikin tsagar duwatsu, ya daskare a hankali tsawon zamani. Shi ya sa har yanzu akwai ruwa a jikinsa, galibi kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari. Launin da ke wasa a ciki ba rini ba ne: ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani suka jeru sahu-sahu suna rarraba haske. Manyan ƙwayoyin ne ke ba da ja, su kuwa ba su da yawa, shi ya sa mai ja ya fi tsada. A 1915 aka gano shi a Coober Pedy, kusan kilomita 850 arewa da nan, garin da zafi ya sa mutane da yawa suka haƙa gidajensu a ƙarƙashin ƙasa. Baƙin ofal, sarkinsu duka, daga garin Lightning Ridge da ke gabashin ƙasar yake fitowa. A 1993 Ostiraliya ta ayyana ofal a matsayin dutsenta na ƙasa. Mu ma a Afirka muna da shi: a 2008 aka same shi a Wollo ta Habasha, sai dai yawancin na can yana shan ruwa, kamanninsa su sauya har sai ya bushe.

Mutanen da sun jingina masa abubuwa. Larabawa sun ce cikin walƙiya yake faɗowa daga sama. Girkawa sun ɗauka yana kare cuta, Rumawa suka riƙe shi alamar kyakkyawan fata. A ƙarni na 19 Turawa suka camfa shi da rashin sa'a, duk da haka Sarauniya Victoria ta riƙa sa shi tana kyauta da shi ga 'ya'yanta mata. Yau kuma sun ce na waɗanda aka haifa a Oktoba ne. Ni dai na san dutse ba ya amfanarwa ba ya cutarwa, kyansa kaɗai ya isa.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne a nan. Babu tayi, babu albarka, babu ragi. Abin da aka rubuta shi za ka biya. Biyar na yamma yawancin kantuna sun rufe. Na nemi a ɗora dutsen a kan azurfa, aka ce sai na jira makonni, ladan aikin kuma ya kusa kamo kuɗin dutsen. Nan na tuna maƙeranmu, ka zauna a benci ana hira, kafin ka gama cin masa an gwada maka a yatsa. Hannu muna da shi, ba a fi mu ba.

Inda aka fi mu shi ne sanin darajar abin da ke ƙasarmu. A nan mai haƙa ya san ajin dutsensa, wani dutsen ma ana yankawa a goge a garin da aka haƙo shi. Mu kuwa yaranmu a Toro suna shiga rami da ransu a hannu, su fito da duwatsu masu daraja irin su tofaz da akwamarin, su zube su cikin leda da ƙasarsu, dillali ya yi musu kuɗin goro. Daga nan sai Jos, sai Bankok ta ƙasar Tailan, a can a yanka, riba ta zauna a can. Madubin da dattijuwar nan ta miƙo mini da ƙaramin sikeli ba su da tsada. Masu hali a cikinmu su saya wa yaran nan, a samo wanda zai koya musu wankewa da ware mai kyau daga mai tsaga kafin dillali ya iso bakin rami.