Kwana a Gandun Dajin Asir da Hawan Dutsen Sauda: Yadda Na Ga Hidimar Masu Jagora

Kamfanonin da ke shirya wa mutane kwana a tanti da hawan dutse sun yawaita a Abha, babban birnin yankin Asir da ke kudu maso yammacin Saudiyya, kuma 'yan uwanmu Hausawa mazauna Jidda da Makka sun fara sha'awar abin, musamman a lokacin zafi. Wanda muka bi ƙaramin kamfani ne na 'yan yankin, wanda ya ɗauke mu daga cikin gari, ya kwanar da mu a sansani cikin Gandun Dajin Asir, sannan ya hau da mu Dutsen Sauda da sassafe. Ra'ayina shi ne jagorancinsu ya cancanci kuɗin da suka karɓa, amma tanadinsu na kwana bai dace da baƙon da ya taso daga ƙasa mai zafi ba.

Gandun Asir shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Saudiyya, kuma tsayin Dutsen Sauda da ke cikinsa ya kai wajen mita 3,000. Abha kanta tana sama da mita 2,200, saboda haka wanda ya bar Jidda, wadda ke bakin Bahar Maliya, ya sauka a can bayan tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci a jirgin sama, jikinsa bai samu damar sabawa da ƙarancin iska ba. A nan ne na ga amfanin jagoranmu. Tun a mota ya tambayi kowa shekarunsa da ko yana da hawan jini ko ciwon asma, kuma da muka kama hanya bai bari matasa su yi gaba su bar manya ba. Akwai wani dattijo a cikinmu da numfashi ya fara yi wa wuya a wata hawa mai tsini. Yaron da ke taimaka wa jagoran, Bahaushe ne haifaffen Makka, ya karɓi jakarsa ba tare da an ce masa ba, ya ce: "Baba, ku ɗan zauna a kan dutsen nan ku sha ruwa, ba wanda zai wuce sai kun tashi." Haka kuwa aka yi, ba wanda ya nuna ƙosawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne sanin da suka yi wa yanayin dutsen. Sun nace a tashi da an idar da sallar asuba, kuma jagoran ya bayyana dalili: iska mai laima tana tasowa daga Bahar Maliya, ta ratsa filin Tihama da ke bakin tekun, ta hau gangaren duwatsun, idan ta yi sanyi sai ta zama hazo mai kauri wanda yakan rufe saman dutsen da rana ta yi, wani lokaci ma har da ruwan sama. Wannan laimar ce ke raya itatuwan ar'ar, wasu itatuwa masu koren ganye duk shekara, da suka lulluɓe wurin, waɗanda duhunsu ke sa dutsen ya yi baƙi daga nesa. Mun isa ƙololuwa sarari na nan garau, muna hangen kwazazzabai suna gangarawa ta wajen ƙauyen Rijal Alma'a, kuma kafin mu gama saukowa hazon ya taso har mutum ba ya ganin wanda ke 'yan taku kaɗan a gabansa. Turbar tana bin bakin gangare a wasu wurare, don haka ba na ba kowa shawarar ya shige ta ba jagora. Ya kuma gargaɗe mu game da gwaggon biri, waɗanda suka saba da mutane har suna fizge leda daga hannu, ya hana a jefa musu abinci.

Sansanin kuwa akwai gyara. Tantunan suna da tsabta, an shimfiɗa tabarmi wurin salla, kuma abincin dare, wato gasasshen naman da suke kira hanis da shinkafa, sannan gurasa da zumar yankin da safe, ba abin kushewa. Matsalar ita ce sanyi. Bargo ɗaya marar kauri aka ba kowa, alhali da dare ya raba sanyin ya kai na tsakiyar hunturun Arewa, har wasu suka kwana a zaune kusa da wuta. Ruwan alwala ma sai da muka nema kafin aka ɗumama. Mutanen Asir sun saba da wannan yanayi, shi ya sa wataƙila ba su ga abin faɗa ba, amma kamfanin da ke karɓar baƙi daga Hijaz, wato yankin Jidda da Makka, ya kamata ya rubuta musu tun wajen biyan kuɗi cewa su zo da rigar sanyi, safa da hula mai rufe kunne. Banɗakin mata kuma ya yi nisa da tantuna, babu fitila a hanyarsa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai zuwa da iyali.

Tun da aka sanar da babban shirin raya yankin Sauda a 2023, ana ta aikin gine-gine a can, kuma jagoranmu ya ce hanyoyin da suke bi sukan canza saboda haka. Duk mai niyyar zuwa ya tambayi kamfanin da zai bi wace turba ce a buɗe, mutum nawa ke ƙarƙashin jagora ɗaya, da irin kayan kwanan da za su bayar. Idan akwai tsofaffi a tafiyar, gara a kwana a Abha tukuna kafin a wuce sansani.