Rush Hour: bakin Carter da ƙafar Lee ne suka riƙe fim ɗin

Kwanan nan na sake kunna Rush Hour a kwamfuta, fim ɗin da Brett Ratner ya ba da umarni a 1998, kuma na sha dariya kamar ban taɓa ganinsa ba. Labarin dai ba wani abin a zo a gani ba ne. An sace Soo Yung, 'yar ƙaramin jakadan Sin a Los Angeles, aka nemi dala miliyan 50 kuɗin fansa. Uban bai amince da kowa ba sai Sufeto Lee na Hong Kong, wato Jackie Chan, sai ya sa aka taso shi. Su kuma jami'an FBI ba sa son baƙo ya tsoma musu baki, suka nemi ɗan sandan da zai yi ta yawo da shi a gari har su gama aikinsu. Hukumar 'yan sandan birnin ta miƙa musu wanda ya ishe ta, James Carter, wato Chris Tucker. Bos ɗin ma, wanda ya saba kallo zai gano shi tun ba a yi nisa ba.

Mutanen nan biyu ne suka zaunar da ni. Carter bakinsa ba ya mutuwa, ga cika-baki, ga siririyar murya mai shiga kunne, kuma ya ɗauka ƙarin girma aka yi masa alhali rainon baƙo aka ba shi. Lee kuwa ya sauko daga jirgi ya yi gum, ya bar shi yana ta ɗaga murya da nuni da hannu, wai a zatonsa bai jin Turanci. Fuskar Carter ranar da asiri ya tonu ita kaɗai ta biya kuɗin kallo. Daga nan suka shiga zolayar juna kan abinci da kiɗa da yadda kowa ke magana, irin wasan Bafulatani da Babarbare, sai dai su ba gadonsa suka yi ba, sai da suka sha wuya tare kafin zolayar ta daina ciwo. Wurin da Carter ke koya wa Lee rawa a bakin titi, shi kuma Lee ya nuna masa yadda ake fizge bindiga daga hannun mutum, nan na yarda sun zama abokai.

Ba duka barkwancin ne ya kwanta mini ba. Wasu maganganun kan Sinawa da baƙaƙen fata sun yi kauri, akwai kuma ashar nan da can, don haka ba fim ba ne da zan kunna wa ƙananan yara in tashi.

Faɗan fa? Jackie yana da shekara 44 a lokacin, amma yana hawa katanga kamar kyanwa. Wanda ya fi burge ni shi ne na ƙarshe, a zauren baje kolin kayan tarihin Sin, inda yake dukan mutane da ƙafa yana tare tsohon tulu da hannu kada ya fashe. Dariya da fargaba a lokaci guda, wannan sana'arsa ce. Ƙorafina shi ne an gajarta faɗan, kyamara na yawan tsalle. Wanda ya ga fim ɗinsa na Hong Kong, Police Story na 1985, zai san Amurkawa sun rage masa gishiri. Tom Wilkinson ma, babban ɗan wasa irinsa, ba a ba shi abin yi sosai ba. Kiɗan Lalo Schifrin ne, wanda ya yi na Enter the Dragon, fim ɗin Bruce Lee, shi ya sa nake jin ƙamshin tsofaffin fina-finan Canis a ciki.

Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 240 a duniya, aka yi na biyu a 2001 da na uku a 2007. Na biyun ya yi, na ukun kuwa gajiya ta nuna. Mai son kallo ya kunna rubutun ƙasan allo, don Carter na zuba magana da gudu. Kada kuma a kashe da zarar sunaye sun fara hawa, nan ake nuna inda suka yi ta kuskure wajen ɗauka, Jackie na tuntuɓe da Turanci, Tucker na kasa furta 'yan kalmomin Sinanci.