Kwana tara da Dogo ya yi a gidan ajiyar karnuka a Maraɗi

Tun da muka dawo daga Yamai mutum uku suka tare ni a kasuwa suna tambaya: ina na bar karena, nawa na biya, zan sake kai shi? Amsar ta fi ƙarfin hirar bakin shago, shi ya sa na zauna na rubuta ta. Ba zan kama sunan wurin ba, domin akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ƙorafin na riga na faɗa wa mai wurin ido da ido.

Dogo ɗan kwikwiyo ne irin na Buzaye, jinin karnukan Azawak, masu dogayen ƙafafu da shafaffen ciki. Wani abokin cinikina daga wajen Dakoro ya kawo mini shi a watan Janairu yana da wata biyu, bayan ya ji an haura mana katanga an ɗauke rago da tunkiya mai ciki. Don tsaron bisashe na karɓe shi, kuma kafin na karɓa sai da na tambayi malaminmu, ya tabbatar mini an yi rangwame a kan karen kiwo da na gona da na farauta. Wurinsa daban kusa da garke, kwanonsa daban, ba ya shiga ɗaki. Amma wanda ya taɓa rainon dabba tun tana ƙarama ya san yadda take shiga rai. Ɗana ƙarami ba ya karyawa da safe sai ya ga Dogo ya ci.

Da aka sa ranar bikin ƙanwata a tsakiyar Afrilu, gidan gaba ɗaya za mu tafi Yamai. Tumaki ba su ba ni wahala ba, na kora su gidan wana. Kare fa? Duk wanda na yi wa maganar sai ya yi shiru, ya ce matarsa ba za ta yarda ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wani ya ce in ɗaure shi a gindin bishiya in bar wa almajiri kuɗin tuwo. Na san ƙarshen wannan shawara. A unguwarmu an taɓa yin haka da bazara, sarƙa ta naɗe a jikin turke, karen ya kasa kaiwa ga inuwa da ruwa, aka tarar da shi ya mutu kafin la'asar. Sanya shi a bas kuwa, fiye da kilomita 600 ta Madawa da Ƙonni da Dogondutsi da Doso, ba abin da za a fara ba ne.

Wani mai sayar da maganin dabbobi ne ya yi mini kwatancen wani likitan bisashe mai zaman kansa a gefen gari, wanda ya keɓe bayan gidansa yana ajiye karnukan mutane in za su yi tafiya. Allah ya taimake ni na je tun farkon Maris, da sauran kusan mako shida.

Abu na farko da ya sa na amince da wurin shi ne an ƙi karɓar karena. Likitan bai tambaye ni kwana nawa ba, bai yi maganar kuɗi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ina karnensa na allura?" Wato takardar shaidar alluran da aka yi masa. Na ce babu, ko ɗaya ba a taɓa yi masa ba. Ya ce to ko jika nawa zan ba shi ba zai haɗa shi da karnukan mutane ba. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Akwai ciwon da ke kama hanjin ƴan kwikwiyo, amai da zawon jini, wanda ake kira parbo, yana kashewa cikin ƴan kwanaki, kuma ƙwayarsa kan yi watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Allurarsa, wadda ke haɗe da ta wasu cututtukan, tun kwikwiyo na da mako 6 zuwa 8 ya kamata a fara ta, a riƙa maimaitawa bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Ta ciwon haukan kare kuma daga wata 3 ake yi, ita ce ke tsare mutanen gida ma, domin wanda ciwon ya riga ya bayyana a jikinsa da wuya ƙwarai ya tashi. A ranar aka yi wa Dogo ta farko aka ba shi maganin tsutsar ciki. Bayan mako 3 muka koma aka yi ta biyu da ta hauka, likita ya ce a ba jikinsa kamar mako 2 kafin ya shiga cikin karnuka. Da na bari sai ana gobe tafiya, da ba ni da inda zan kai shi.

Na roƙi a nuna mini inda za a ajiye shi, kuma da gangan na koma da ƙarfe biyu na rana, lokacin da garin ke tafasa. A Afrilu zafin Maraɗi yana wuce maki 40, kare kuma ba ya zufa kamar mutum, galibi haki ne ke sanyaya shi. Ɗakuna shida ne a jere, rabin bango na bulo, sama waya, daɓen siminti mai ɗan gangare don ruwan wanki ya fita. Rufin kwano ne, abin da ya fara tsorata ni ke nan, amma sun shimfiɗa zana a kansa, ga manyan itatuwan dogon yaro biyu sun rufe wurin. Na shiga ɗaya daga ɗakunan na tsuguna, na ɗora tafin hannu a kan daɓe. Da ɗumi, amma ba ya ƙuna. Kowane ɗaki da kaskon ruwa na ƙasa mai nauyi wanda kare ba zai kifar ba, ga randa biyu a inuwa saboda ranar da famfo bai kawo ba. Warin jabel, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, na ji, ban ji na kashi ba. Akwai ɗan fili mai yashi da ake sakin karnuka ɗaya bayan ɗaya, bayan asuba da bayan la'asar.

Jika 2 na biya a kwana, wato sefa dubu 2, har da abinci. Alluran daban na biya.

Likitan ne ya kawo shawarar kwanan gwaji, kuma ina ganin ita ce shawara mafi amfani da na samu. Saura kwana huɗu tafiya na kai Dogo da yamma, na ɗauko shi da safe. An ce mini ya yi kuka har tsakar dare, bai taɓa abinci ba. Amma ya ga an kai shi an kuma dawo da shi. Ranar tafiyar gaske ya shiga da ƙafarsa, ko da yake jelarsa na tsakanin cinyoyi. Na bar masa tsohuwar rigata da buhun da yake kwana a kai, da wani guntun igiya da yake tauna, don lokacin yana canjin haƙori, duk abin da ya samu ci yake. Likitan ya ce kada mu tsaya dogon sallama. Ɗana ya yi kuka a kan babur har gida.

Sai dai ba likitan ne ya riƙe mini Dogo ba. Shi yana fita ƙauyuka duba shanu, wani lokaci sai dare. Wanda ke kwana da karnukan wani saurayi ne ɗan gidan mafarauta daga wajen Tibiri, mai ƙarancin magana. Kwana biyun farko Dogo ya ƙi ci. Yaron nan ya shiga ɗakin ya zauna a ƙasa, ya juya masa baya, bai kira shi ba, bai miƙa hannu ba, har karen ya gaji ya zo ya shinshina shi da kansa. Daga nan ya riƙa ba shi a tafin hannu, loma-loma. Da rana yana jiƙa buhu ya shimfiɗa masa. Da dare ya jawo tabarmarsa kusa da ƙofar Dogo, don shi ne ƙarami a cikin karnuka huɗu da ke wurin, manyan kuma haushinsu na firgita shi. Kullum bayan magariba sai ga ɗan bidiyo ta WhatsApp, da saƙon murya gajere: "Baba, ya ci, ya sha ruwa, ya yi wasa." A cikin hayaniyar biki nakan fita waje in kalla, in kira ɗana in nuna masa. Ba a sa wannan a cikin jika biyun ba, halin yaron ne kawai.

Yanzu ga abin da ya ɓata mini rai, kuma har yau in na tuna yana sosa ni. Na yi bayanin abincinsa dalla-dalla: tuwon masara da romon ƙashi ko busasshen kifi, sau uku a rana, ba albasa, domin albasa tana lalata jinin kare, mu kuwa ba miyar da ba ma zuba ta. Na ce ko in kawo gari ne? Aka ce a'a, kada in damu. Ashe abincin wurin irin na buhu ne, busassun ƙwayoyin nan da ake shigowa da su, shi suke ba kowane kare. Abincin ba shi da laifi, wataƙila ma ya fi tuwona gina jiki. Laifin a sauyin ne. Cikin kwikwiyo ba ya son a juya masa abinci rana ɗaya, ana gauraya sabo da tsoho ne kaɗan-kaɗan har kamar mako guda. Dogo ya kama zawo a kwana na uku. Kuma ba a gaya mini ba sai a kwana na biyar, da ni da kaina na lura a bidiyo haƙarƙarinsa sun fito fiye da yadda na sani, na buga wa likitan salula. Ya ce, "Alhaji, ba mu so mu tayar maka da hankali kana cikin hidima." Na ce, "Dokta, amana na ba ka. Tashin hankalina nawa ne, ka bar ni da shi." Ya duba shi, ya tabbatar ba parbo ba ne, ba jini ba amai, aka koma dafa masa shinkafa fara da ɗan nama, zawon ya tsaya. Na yarda an yi maganin abin da kyau. Ɓoyewar ce ban yarda da ita ba. Da na tambayi yaron me ya sa saƙonsa bai ambata ba, sai ya sunkuyar da kai ya ce an ce ya bari tukuna.

Na biyu kaska. Da muka dawo gida na zaunar da Dogo a haske na bi jikinsa, na cire guda bakwai, a cikin kunne da tsakanin yatsun ƙafa. Bai je da ko ɗaya ba. Irin wannan kaskar ta karnuka a tsagar bango take ɓuya ta yi ƙwai, wankin daɓe ba ya kai mata, kuma na ga tsagogi a bangon ɗakunan tun zuwana na farko, ban ɗauke su komai ba. Kaska tana ɗauke da ciwon da ke shanye jini, don haka mako biyu ina ɗaga leɓensa ina duba dasashi ko ya yi fari. Alhamdu lillahi bai yi ba. Da hantsaki ake kama ta dab da fata a ja a hankali. Kada a ɗiga mata kalanzir ko a kusanta mata wuta, kada kuma a ɗebo maganin wankan shanu a zuba wa kwikwiyo ba da izinin likita ba.

Kwana huɗu da dawowa kuma ya fara wani busasshen tari, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Wannan ban ɗora wa kowa ba. Likitan ya zo har gida, bai karɓi kuɗin zuwa ba, ya ce tari ne da karnuka ke ɗauka a duk inda aka tara su, kamar mura a makaranta, yana kuma ɓoyewa kwanaki kafin ya fito. Tun da yana ci yana wasa, aka ce in cire masa abin wuya, in raba shi da ƙura, in kira in ya daina ci ko hancinsa ya fara zuba. Cikin kwana goma ya warke.

Ranar da na je ɗaukarsa, tun daga ƙofa ya ji muryata. Ya yi ta tsalle yana ɗan kuka har fitsari ya kufce masa, ya rame kaɗan, muryarsa ta dishe saboda haushi. Da muka zo fita sai ya tsaya ya waiwaya, ya koma da gudu wurin yaron ya dafa shi da ƙafafu, sannan ya biyo ni. A gida ya sha ruwa kamar ba zai bari ba, ya yi barci kusan yini biyu, har uwargida ta ce ko ba shi da lafiya ne. Gajiya ce. A rana ta uku ya koma bakin garkensa.

Zan sake kai shi, amma da sharuɗɗa, kuma na faɗa wa likitan su yana zaune. Garin masara da kifi ni zan kawo, a ƙulle a leda, kowace rana da nata. Maganin kaska za a sa masa kafin ya shiga. Duk abin da ya same shi, ko ƙin cin abinci sau ɗaya ne, a kira ni a ranar. Kuma sai na tabbatar yaron nan na Tibiri yana nan, in ya bar aikin sai na zauna da wanda ya gaje shi na ga yadda yake shiga ɗakin kare. Likitan ya amsa duka, ya ce tsagogin bangon ma zai sa a toshe kafin ruwa ya sauka. Makon jiya na biya ta wurin a kan hanyar kai kaya, na tarar an yi wa ɗakuna huɗu sabon shafe, saura biyu na ƙarshe, ga rabin buhun siminti jingine a gindin dogon yaro.